Kalandar namun dawa: a rataya hoton, amma a bi sawun bishiyar

Duk shagon askin da ka shiga, ko teburin mai shayi, ko ɗakin tsohuwa a ƙauye, da wuya ka rasa kalanda a bango. Wata ta ɗan siyasa ce, wata ta shehin malami, wata ta banki ko kamfanin taki, kuma ko shekarar ta wuce ba a cirewa, tana nan har rana ta cinye launinta. A ƙasashe da dama masu ɗaukar hoto sun gane ƙarfin bangon nan, suna haɗa hotunan dabbobi da tsuntsayen da babu su ko ina a duniya sai ƙasarsu, su buga kalanda su sayar, kuɗin ya tafi wajen kare daji da dashen itatuwa. Ni ina goyon bayan a yi wannan a wurinmu, goyon baya sosai ma, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani zai ce to mu me muke da shi da za a ɗauka, ai namun dawa sai Kenya da Tanzaniya. Wannan maganar ce take min ciwo. A Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawan Afirka ta Yamma, masu hasken fata, waɗanda da can suna yawo tun daga Senegal har gefen tafkin Chadi, yanzu ko ba su rage ko ina ba sai Nijar. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Da aka tsaya a kansu, aka hana farautarsu, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, sai da suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi don kada a tara ƙwai duka a kwando ɗaya. Kuma fa ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo da bagaruwa, wani lokacin su taɓa waken manomi ya yi ta faɗa. Tun harin watan Agusta na 2020 da aka kashe mutum takwas a yankin, Faransawa shida da ’yan Nijar biyu, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu yi musu jagora suka rasa abin yi. To idan baƙo ba zai zo ya gani ba, ai hoto zai iya tafiya inda baƙon yake.

Sai kuma tsaunukan Jos. Akwai wani ɗan jan tsuntsu a can, dangin baiwar Allah ɗin nan da ke tsince-tsince a tsakar gida, amma shi a cikin duwatsu yake zama, masana ba su ma tantance shi a matsayin jinsi na daban ba sai 1998. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai wani tsuntsun baƙi mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, sai ya je ya saka ƙwansa a sheƙar wannan jan, ya bar masa reno, ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Wato idan aka sare kurmin da jan yake ciki, an kashe biyu ke nan a sara ɗaya. A dajin Amurum kusa da Laminga cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI ta daɗe tana bibiyar su, amma ka tambayi mutum ɗari a kasuwar Terminus, nawa ne suka taɓa jin labari? Ga gauraka da kakanninmu suka sa a karin magana da waƙa, yau yaro ɗan shekara ashirin a Kano ko Katsina zai yi wuya ya ce ya taɓa ganin ta da idonsa. Ga giwayen Yankari, ga tsuntsayen fadamar Haɗeja zuwa Nguru da ke tasowa tun daga Turai. Wata goma sha biyu ma ba za su ishe mu ba.

Na san abin da za a ce, mutane na fama da tsadar masara wa zai sayi hoton tsuntsu, kuma yanzu kowa a waya yake duba kwanan wata. Gaskiya ne talaka ba zai cire kuɗin cefane ya saya ba, kuma bai kamata a sa ran haka ba. Amma ai dama yawancin kalandun da ke bangonmu ba saya muka yi ba, rabawa ake yi kyauta ƙarshen shekara, bankuna da kamfanoni da ’yan siyasa su ke biyan maɗaba’a. Kuɗin nan ana kashe shi ko da mu ko ba mu. Abin da nake so shi ne a karkatar da shi, a biya matasanmu masu kamara haƙƙinsu, a ware wani kaso na daji, a rubuta sunan dabbar da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci ba Turanci kaɗai ba, a sa watannin Musulunci a gefe tunda su tsofaffinmu ke dubawa don azumi da salla.

Yanzu ga sharaɗin. Kalmar dashen itatuwa ta sha wahala a hannunmu. Kowace damina ana taro, a kafa rumfa, babban baƙo ya tsugunna ya dasa ɗaya a yi tafi, kafin watan Maris akuya ta cinye rabi rana ta ƙone sauran, babu wanda ya koma ya duba. Idan kuɗin kalanda can zai tafi to gara kada a fara, don an yaudari wanda ya saya kuma an ɓata sunan aikin. Kuma ko sun rayu, wace bishiya aka dasa? Darbejiya da turare suna da amfaninsu, ba na musu, amma raƙumin dawa ba turare yake ci ba, tsuntsun dutse ba layin darbejiya yake nema ba. Gawo, bagaruwa, aduwa, magarya, tsamiya, kuka, ɗorawa, su ne abincin dabbobin nan kuma su ne na mutanen da ke zaune tare da su.

Kuma ba sai mun je nesa neman dabara ba. Manoman Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin kututturen da ke toho a gona maimakon ƙone shi lokacin sharar gona, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, saiwar dama tana nan a ƙasa da ranta, ba ta buƙatar ban ruwa. Da wannan aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, bishiyoyi wajen miliyan 200, akasari ba tare da an sayi ko leda ɗaya ta dashe ba. Gawo kuwa kowane manomi ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi kore ya ciyar da dabba. Kuɗin kalanda idan ya shiga hannun irin waɗannan mutanen, ya biya mai gadin daji, ya sayi murhu mai cin itace kaɗan ga matan da ke shiga kurmi, ya rage wa manomin Kure asarar wakensa, zai yi aikin da taron dashe goma ba zai yi ba.

Su ma masu ɗaukar hoton akwai nasu. Kada a je a tayar da tsuntsu daga kan ƙwai don a samu hoto mai kyau, kada kuma a rubuta ainihin wurin da giwa ke shan ruwa, don mafarauci ma yana karanta kalanda.

Abin da zan fara dubawa idan irin wannan kalandar ta zo hannuna shi ne shafin ƙarshe. Ina so in ga sunan ƙauyen da kuɗin bara ya je, nawa aka tara, nawa aka kashe a bugu, da hoton gonar da aka ɗauka a watan Afrilu lokacin da zafi ya kai maƙura, ba a watan Agusta da ko ina yake kore ba.