Hoto 36 da ban ɗauka ba

Har yanzu in na tuna Asabar ɗin nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Waɗanda suka je ɗaurin auren kun riga kun sani, amma tunda mutuminku, wanda ya ɗauki bidiyon abin, yana ta yawo da nasa labarin a guruf yana ƙara gishiri, bari ni ma in faɗi nawa.

A gurguje dai, kyamarar marigayi kawu na tono a ƙasan akwatin Hajiya, Pentax K1000, irin ta ƙarfen nan mai nauyi kamar dutsen guga, wadda aka fara yi tun 1976. Batir ɗaya tal take ci, ɗan mitsitsi irin na agogo, shi ma na allurar awon haske ne kawai, ko babu shi tana ɗauka. Lensin jikinta ya yi hunhuna ta ciki, sai na yi odar Helios 44-2, ƴar tsohuwar Tarayyar Soviet, 58mm, wadda ake cewa tana murɗa bayan mutum ya zama kamar guguwa. Da ta iso ta ƙi shiga, ashe bakinta mai zare ne kamar murfin kwalba, sai da na ƙara sati biyu ina jiran adafta. Fim kuma Kodak Gold 200 mai hoto 36, ƙwaya ɗaya na iya saya, kuɗinsa ma har yau madam ba ta sani ba.

Sati guda na yi ina cika baki a majalisa, wai hoton waya ba hoto ba ne. Ranar kuwa ana shafa fatiha mai hoton da aka ɗauko ya wuce gidan amarya wajen mata, ango ya ce a tsayar da shi a yi na dangi tukuna, ni da bakina na ce a bar shi ya tafi, ai ina nan.

To na jera dattawa a ƙofar gida, rana tsaka, kowa cikin babbar riga da sitati. Ita wannan kyamara komai da hannu ne, sai ka murza ka saita fuska, ka duba allura, ka rage haske, kafin ka gama wani ya motsa ka koma farko. Baba a ɗan matso. Alhaji a ɗaga kai. Har liman na sa ya cire tabarau wai yana ƙyalli, Allah ya yafe min.

Akwai wani tsoho a gefe kan benci yana cin goro, bai shiga hoton ba, ni kawai yake kallo. Wajen hoto na goma ya ce, "Samari, in ka ja hannun nan, mariƙin hagun yana juyawa kuwa?" Wato in ka ja hannun jan fim, mariƙin naɗe fim da ke hagu shi ma juyawa yake in dai fim na tafiya. Na ce, "Baba ai wannan ba irin ta yanzu ba ce, sai wanda ya santa." Ya ce, "To." Wallahi wannan "to" ɗin har a barci ina jinta.

Lamba ta kai 36. Ka'ida hannun ya cije, fim ya ƙare. Na ja, ya tafi sumul. Na sake ɗauka na ja, sumul. Maimakon gabana ya faɗi sai na ɗaga murya na ce albarkar aure ce, fim ɗin ma ƙaruwa yake, aka yi dariya, na ci gaba da kiran mutane, abokan ango, yaran unguwa, har mai lemon kwalba na ɗauka. Na kai wajen arba'in da wani abu ina lissafi a zuci sai na ga tsohon ya tofar da goro ya miƙe.

"Kawo."

Na miƙa, don a gaban manya ne. Yadda ya riƙe ta kawai na san na shiga uku, hannun hagu a ƙarƙashin lensi, ko kallonta bai yi ba. Ya ja hannun, ya nuna min mariƙin da farce. Ko gezau. Ya danna ya sake ja. Ko gezau. Sai ya ɗaga mariƙin sama zai buɗe bayan, na yi ihu, "Baba haske zai ƙona hotunan!" Ya ce, "Waɗanne?"

Ya buɗe. Ga harshen fim ɗin nan kwance a gefe yana hutawa, ko tsagar da ke kama shi bai shiga ba, tun daren jiya da na saka shi da fitilar waya bai motsa ba. Awa guda ina ɗaukar iska. Tsohon ya juya ya nuna wa jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallan magani a kasuwa, ya soka harshen a tsaga, ya ja sau ɗaya haƙoran suka kama, ya rufe, ya ɗauki biyu a banza, mariƙin na juyawa gwanin sha'awa, ya miƙo min ya ce, "Yanzu za ka fara." Ashe shekarunsa na ƙuruciya duk a shagon hoto ya yi su a Fagge, kowa a layin ya sani sai ni.

Kawun amarya da ya taso tun daga Zariya da asuba ya share gumi da hannun riga ya ce, "Wato duk tsayuwar nan lada muka samu kenan." Na ce a sake jerawa minti biyar kacal. Ko waiwayowa ba wanda ya yi, an fito da shinkafa.

Abin da ya fi min ciwo ma ba wannan ba ne, mutuminku ne. Tun daga jera dattawa har "waɗanne" yana tsaye yana bidiyo yana riƙe ciki. Mutumin da ya ari zanna bukar ɗina tun bikin ƙaninsa, na yi magana sau uku yana cewa tana wajen wanki, kuma ranar ita ce a kansa, ku koma bidiyon ku duba inda ya juyo da wayar yana dariya, mai ruwan ƙasan nan, tawa ce. Shi ne har da sa min suna Mai Iska Studio. Kuma hoton dangi ɗaya tak da ango ke da shi yanzu daga bidiyonsa aka ciro, an wanke an sa a firem a falo, ƙeyata ce a tsakiya na duƙa ina murza lensi.

Fim ɗin dai na naɗe shi a hankali na bar harshen a waje, yana cikin firij kusa da tumatir, an ce sanyi yake so. Jiya madam ke tambaya ko magani ne. Tsohon kuma ya aiko yaro wai in zan sayar da kyamarar in yi masa magana, ban ba da amsa ba tukuna.