Bayan Jerin Gwanon Motoci Ya Watse

Ina da magana da 'yan uwana masu son mota, musamman mu da muke cikin ƙungiya, masu sitika iri ɗaya a gilashin baya da ranar haɗuwa a ƙarshen mako. Maganar a kan yadda muke tunawa da waɗanda suka rasu a cikinmu ne. A ganina mun iya ranar farko ƙwarai da gaske. Abin da ke biyo bayanta ne muke sakaci da shi, kuma can ne ya fi buƙatarmu.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan ƙungiya ba yakan ɗauka taron masu kuɗi ne da suka rasa abin yi. Akwai waɗanda haka suke, ban musa ba. Amma ƙungiyar da ta amsa sunanta, buƙata ce ke haɗa mutanenta tun kafin sha'awa ta riƙe su. Tsohuwar mota ba ta barin mai ita ya zauna shi kaɗai. Kamfanin Volkswagen ya ƙera Beetle ta ƙarshe ta tsohon yayi a garin Puebla na ƙasar Meziko a watan Yulin 2003, bayan an fitar da fiye da miliyan 21. Marsandi ƙirar W123 an daina yin ta tun 1986. Peugeot 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, yanzu ta haura shekara 50. Duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu, ko wata sa'arsu, ya san akwai ranar da zai nemi wani ɗan guntun ƙarfe ko roba, ya gaji da nema bai samu ba. Ranar ce za a ce masa ai wane yana da shi a cikin wani tsohon kwali, ya cire daga wata da ta mutu ya ajiye shekara da shekaru. Ka je ya miƙo maka, ka sa hannu a aljihu ya ɓata rai. To daga nan ka ci bashin da ba kuɗi ke biyansa ba, sai ranar da kai ma wani ya ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Abin da ya fi burge ni a wannan zama shi ne yadda muƙami ke zubewa da zarar an ɗaga bonet. Likita ne, direban tasi ne, ɗalibi ne, tsohon soja ne, duk kowa ya sunkuya. Wanda ake saurara shi ne wanda kunnensa ke bambance ƙarar bawul da kukan fambel tun kafin a kashe inji, ko da shi ne mafi ƙarancin abin hannu a wurin. Kuma a nan ne mutane ke faɗin abin da ba za su faɗa a zaune fuska da fuska ba. Kana riƙe masa tocila, shi yana kwance kafireta, idonsa na kan aikin, sai ka ji ya ce an sallame shi daga aiki tun watan jiya, ko mahaifiyarsa tana asibiti. Ba ya son ka dube shi, yana son ka ji kawai. Maza da yawa ba su da wani wurin da suke iya wannan maganar in ba nan ba. Matan da ke cikin ƙungiyoyin ma, waɗanda yawansu ke ƙaruwa, na ji wasunsu suna faɗin haka.

Shi ya sa idan aka yi rasuwa a ƙungiya, ciwon yakan yi zurfi fiye da yadda na waje ke zato. Nan take saƙo ya zaga, kowa ya sauya hotonsa ya sa na marigayi, a buga sitika mai sunansa da shekarunsa, a sa ranar da za a yi jerin gwano. A wanke motoci, a sa tasa a gaba, ɗansa ko amininsa ya ja ta, a kunna fitilu da rana tsaka. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Na ga yadda iyalan mamaci ke tsayawa suna kallon dogon layin motoci, suna gano cewa ashe mutumin da suke yi wa faɗa kan yawan zama a gareji yana da jama'a haka. Wannan yana sanyaya zuciya, kuma hakkinsu ne su gani.

Amma akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Jerin gwanon tunawa da mamaci da yake rikiɗewa ya zama tsere cin mutuncin mamacin ne. Ana fita a natse, kafin a yi nisa wani ya taka totur, wani ya bi shi, salansa na ruri, tayoyi na hayaƙi, wai ai haka marigayi yake so. Wani lokacin ma marigayin a kan hanya ya rasu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Lahadi ta uku a watan Nuwamba a matsayin ranar tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. Mu da muka fi kowa sanin abin da birki zai iya da abin da ba zai iya ba, bai kamata a ce a taron makokinmu ne wata uwa za ta rasa ɗanta ba.

Masu cewa taron mota ba ya armashi sai da gudu, su dubi tafiyar da ake yi daga Landan zuwa Brighton a Ingila. Ita kanta tunawa ce: a Nuwamban 1896 aka fara yin ta don murnar dokar da ta ɗaga iyakar gudun mota daga mil 4 zuwa mil 14 a awa, aka farfaɗo da ita a 1927. Motar da aka ƙera kafin 1905 ce kawai ke shiga, tafiyar kimanin mil 60 ce, an hana matsakaicin gudu ya wuce mil 20 a awa, ba a ma bayyana wanda ya riga wani isa. Burin kowa ya kai, kuma jama'a na cika bakin hanya don kallo. Taro ne da ya fi duk namu daɗewa, ba tare da an yi gasar ganganci ba.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Jerin gwano ya watse, kowa ya koma gida. Motar marigayi an mayar da ita inda ya saba ajiye ta, an lulluɓe ta. Mu duka mun san abin da zai faru da ita. Cikin 'yan watanni batir zai mutu. Fetur ɗin da ke tanki zai lalace ya yi danƙo ya toshe kafireta. Tayoyi za su sace, gefen da ke ƙasa ya baje, roba ta tsattsage. Man birki yana jan danshi, sai tsatsa ta ci daga ciki ba wanda ya gani. Robobin da ke riƙe mai su bushe, ɓeraye su shiga su cinye waya. Motar da mutum ya kashe shekarunsa yana lallaɓawa, zama kawai zai gama da ita. Matarsa ba ta san a tayar da ita lokaci lokaci ba, ko kuma ta sani amma ba ta iya jin ƙarar injin nan ba tare da zuciyarta ta karye ba. Mu kuwa da muka san komai, muna can muna tura hotonsa duk shekara da addu'a a ƙasa.

Sai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Wani daga cikinmu, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan motar nan, zai je gidan da fuskar tausayi ya ce bari ya rage musu nauyi. Ya san darajarta, ya san su ba su sani ba. Ya san kwalayen da ke jibge a lungun gareji, waɗanda iyali ke gani tarkace ne, akwai kayan da ba a ƙera su kuma. Ya taya da abin da bai kai rabin kuɗinta ba, su yi masa godiya har da hawaye. Wata shida bayan nan ka gan ta a taro an sake mata fenti, ana yaba masa. Wallahi duk ƙungiyar da ta ga haka ta kawar da kai, sitikar da ta buga ba ta da wani amfani. Dukiyar marayu ce, kuma iliminmu ne aka yi amfani da shi aka cuce su.

Ban ce kada ɗan ƙungiya ya sayi motar marigayi ba. Sau da yawa ma shi ya fi dacewa, don zai riƙe ta yadda mai ita yake so, kuma yaran za su riƙa ganinta a hanya. Abin da nake cewa shi ne kada mai saye ya zama shi ne mai yanke farashi. Mutum biyu ko uku waɗanda ba su da niyyar saye su duba ta, su duba kayan gyaran, su faɗa wa magada gaskiyar abin da suke riƙe da shi. In sun so sayarwa su sayar da ido buɗe. In sun so ajiyewa har yaro ya girma, to aikinmu ya samu: wani ya riƙa zuwa yana tayar da ita ta yi zafi, ya ɗan zaga da ita, ya duba mai da ruwa da iskar taya. Wanda ya je don mota zai gaisa da mutanen gida, zai ga ko yaro ya daina zuwa makaranta, zai ji ko akwai abin da ya taso. Zumunta a ƙafa take, motar ta ba mu dalilin takawa ba tare da iyali sun ji ana yi musu kallon mabukata ba.

Akwai kuma gadon da ba a rabawa a takarda. Kowace ƙungiya tana da dattijo ɗaya ko biyu da ilimin ke kansu: yadda ake saita wutar inji da kunne, wace roba ta wata mota ce ke shiga wannan in an ɗan gyara ta, wane irin ciwo wannan ƙirar ta saba yi in ta tsufa. Ba ya cikin littafin kamfani, kuma kanikawan yanzu da suka tashi da na'urar da ake jonawa ta karanto matsala ba lallai su san shi ba. Ranar da irin wannan mutum ya tafi, motoci da yawa ke zama marayu tare da 'ya'yansa. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana lissafa motar da ta kai shekara 30 cikin kayan tarihi in an kiyaye ta a kan asalinta. Ƙarfen zai iya kaiwa haka ya wuce. Hannun da ya iya shi fa? Kowa yana da waya mai kyamara a aljihu, muna ɗaukar motoci ta kowace kusurwa, amma da wuya ka ga wanda ya zaunar da dattijon nan ya ce Baba, yi mana bayani a hankali in ɗauka. Matasan da ke zuwa taro suna tsayawa daga nesa don ba su da motar nunawa, su ya kamata a jawo a miƙa musu sufana.

Wannan ya kawo ni ga waɗanda muke mantawa da su tun suna raye. Mutum ya daina zuwa taro, sai a ce ai ya yi sanyi. Ba a tambaya ko rashin lafiya ce, ko idonsa ne ya raunana ba ya iya tuƙin dare, ko hali ne ya matsa ya sayar da motar, kunya ta hana shi zuwa a ƙafa. Wasu ƙungiyoyin ma dokarsu ce, in ba ka da motar ba ka cikinsu. Ni ban yarda da wannan doka ba. Wanda ya shekara goma yana kwanciya a ƙarƙashin motocinmu ɗan ƙungiya ne ko keke ba shi da shi. Kujerar gefen direba tana nan a kowace mota, a biya a ɗauko shi. Ba daidai ba ne mu bar mutum shekara biyu ba ko kiran waya, sannan ranar da ya rasu mu fi kowa kyawun sitika.

Na san wasu za su ce ƙungiyar mota ce, ba ta jin ƙai ba, an zo ne a huta a ji daɗi. Na fahimta, kuma ba na so taronmu ya koma zaman makoki. Amma mu ne muke kiran junanmu 'yan uwa, mu muka rubuta shi a riguna. Ba wanda ya tilasta mana.

A taronmu na gaba zan nemi abu ɗaya a rubuta. Kowane ɗan ƙungiya, babba da yaro, ya ajiye takarda a wurin sakatare da kwafi a gidansa: ga motar, ga inda takardunta suke, ga kayan gyaran da ya tara da kimar kowanne, ga kayan aikin da ya ara wa wasu da waɗanda ya aro, ga sunan mutum biyu da ya amince su ba iyalinsa shawara in ta Allah ta kasance. Takardar ba ta raba gado, wannan na magada ne da doka, tana dai hana a yi musu rufa-rufa. Wanda ke cikin wata ƙungiyar kuma suna da tsarin da ya fi wannan, ina roƙo ya faɗa mana yadda suke yi.