Tafin da ake yi wa ƙanƙara mai faɗuwa

Tun makon jiya wani bidiyo ke yawo a zaurukan WhatsApp na Yamai. Wani ɗan ƙasarmu mazaunin Amurka ne ya ɗauke shi daga saman jirgin ruwan shaƙatawa a Alaska. Bango ne na ƙanƙara, fari da shuɗi, ya kai tsayin bene mai hawa 20. Sai ka ji ƙara kamar aradu, wani ɓangare ya ɓalle ya rufta cikin teku, ɗaruruwan mutane cikin rigunan sanyi suka kaure da tafi da shewa. A ƙarƙashi mutumin ya rubuta cewa a zo a gani tun ba ta ƙare ba. Tafin nan da rubutun nan su suka hana ni sukuni.

Ban ga laifinsa ba don ya yi mamakin ikon Allah. Wanda ya tashi a garin da ake sayen ƙanƙara a leda, yau dala ashirin, in azumi ya faɗo cikin bazara sai yadda mai firiji ya yanke, dole ya saki baki ranar da ya ga dutsenta. Abin da na ƙi shi ne hujjar da ta biyo baya. Da na yi ƙorafi a fadarmu, wani ƙanenmu ɗan jami'a ya ce mini: "Yaya, ai gani ya kori ji. Wanda ya je ya gani da idonsa shi zai dawo ya yi faɗa a kan sauyin yanayi." Maganar nan masu sayar da tikitin ne suka ƙera ta. Sun daɗe suna cewa kowane fasinja zai koma gida a matsayin jakadan ƙanƙara, har zancen ya yi tafiya ya iso bakin butar shayinmu.

To, mu dubi yinin jakadan. Da sassafe jirgin ke shiga mashigin Glacier Bay, inda hukuma ba ta barin manyan jirage fiye da 2 a rana. Ma'aikatan gandun da gwamnati ta keɓe a wurin su zo a ƙaramin jirgi, su hau, su yi ta bayani a lasifika. Jirgi mai ɗauke da dubban mutane, da ɗakunan cin abinci da wurin wanka mai ɗumi, ya lallaɓa har gaban ƙanƙarar Margerie, ya tsaya kamar awa guda, ya juya don na dama da na hagu kowa ya samu hoto. Ana raba abin sha mai zafi. Kowa ya ɗaga waya yana jiran wani abu ya faɗo. In ya faɗo a yi tafi, in bai faɗo ba a koma ciki ana cewa yau ba a yi sa'a ba. Da yamma ma'aikatan su sauka, jirgi ya kama hanya. Duk tsawon yinin nan injinsa bai huta ba, domin birni ne guda a kan ruwa, kuma birni sai da wuta.

Masu lissafin hayaƙi sun ƙiyasta cewa tafiyar kwana biyar mai kilomita 2,000 a irin jiragen nan, ko a mafi tsimin mai daga cikinsu, tana fitar da kusan rabin tan na iskar kabon a kan kowane fasinja. Ba a ma saka jirgin saman da ya kawo shi tashar ba. Ɗan Nijar kuwa abin da ke kansa a shekara bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tan ba. Ke nan hutun kwana biyar ya cinye rabon manomin Ader na shekara biyar. Baƙin tokar da injin ke tofarwa, in ta sauka a kan farar ƙanƙara, tana sa ta riƙe zafin rana ta ƙara narkewa. Wane irin jakada ne ke zuwa gaida maras lafiya da abin da ke ƙara masa ciwo?

Kuma da gani yana haifar da jakadu, da yanzu mun ga aikinsu. A farkon shekarun 1990 masu zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, ba su kai dubu 10 a shekara ba. A kakar 2023 zuwa 2024 sun haura dubu 120. Juneau, babban birnin Alaska, mai mutum kusan dubu 32, ya karɓi fasinjojin jirage sama da miliyan ɗaya da rabi a 2024. A tsakanin 2000 da 2023 duwatsun ƙanƙara na duniya suna asarar kimanin tan biliyan 273 kowace shekara, kuma Alaska ce a kan gaba. Baƙi na ƙaruwa, ƙanƙara na raguwa. Da aka zo taron Dubai a 2023 don zuba kuɗi a asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta, alkawuran da aka tara kusan dalar Amurka miliyan 700 ne. Jirgin shaƙatawa guda ɗaya, Icon of the Seas, da ya fara aiki a Janairun 2024, an ƙera shi a kan kusan dala biliyan 2. Duk wanda ya ajiye lambobin nan biyu kusa da juna ya daina yi mini zancen jakadanci.

Za a ce ɓallewar ƙanƙara a bakin teku tsohuwar al'adarta ce, kuma ta Glacier Bay ta fara ja da baya tun kafin zamanin mota. Haka ne, amma ba shi aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon ba. An rubuta a zo tun ba ta ƙare ba, wato ƙarewar ce hajar da aka kasa. Masu cewa jiragen na ciyar da mutanen Alaska kuwa, su tambayi mutanen Juneau dalilin da ya sa suka nemi a ƙayyade yawan baƙi a rana, su kuma tambayi gidajen garin kusan 300 da ruwan da ya ɓalle daga ƙanƙarar Mendenhall ya shiga a Agustan 2024.

A wannan watan na Agustan 2024 ne mu ma muke kwasar namu. Damina ta 2024 ta kashe mana mutum sama da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. An ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda iyalai na kwana a cikin azuzuwa. Kafin nan, a Satumban 2020, kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, ya ci unguwannin gaɓa. Ban ce ƙanƙarar Alaska ce ta malalo mana ba. Zafin da ke narkar da ita dai shi ne ke cika sararin sama da danshi, ya sauke mana ruwan wata guda a dare ɗaya. Ciwo ɗaya ne. Can ana biyan kuɗi a kalle shi, nan ana haƙa kabari saboda shi. Shi ya sa tafin ya yi mini zafi, ya kuma fi zafi da na ga 'yan uwana na tura shi suna cewa Allah ya kai mu.

Ba na neman a kulle Alaska. Amma duk tikitin da aka sayar da sunan ƙanƙara mai ƙarewa ya kamata a ɗora masa haraji mai nauyi, kuɗin ya shiga asusun asarar nan kai tsaye, kuma wakilanmu su riƙa faɗin haka da babbar murya a kowane taro, su daina zuwa da ƙoƙon bara.

Ƙanen nan nawa kuwa na ce masa in gani yake so, ya hau motar Tawa ya wuce Keita. Tun 1984 mutanen kwarin, akasarinsu mata, ke ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gindin tsauni don tare ruwa, suna haƙa ramukan shuka a fako mai taurin ƙarfe. Kuɗin motar ma ni zan biya masa.