Ta ƙofar gwamnati Turanci ke shiga labaran Urdu

Duk wanda ya buɗe jaridar Jang, wadda Mir Khalil-ur-Rahman ya kafa a Delhi a 1939 kafin ta koma Karachi, ko ya zauna gaban tashar talabijin ta Geo lokacin labarai, zai tarar da Turanci sanye da rigar Urdu, harshen ƙasa na Pakistan. Ana rubuta "ilekshan" alhali "intikhabat", wato zaɓe, tana nan da ranta, ana rubuta "Sufrim Kot", wato Kotun Ƙoli, alhali akwai "Adalat-e-Uzma", wadda ko Bahaushe zai ji ƙamshin "adalci" a cikinta.

Aron kalma ba laifi ba ne, domin da aro Urdu ta ginu, daga Farisanci da Larabci. Kalmar "iskul", wato makaranta, ta zama 'yar gida har tana ɗaukar jam'in Urdu, ana cewa "iskulon". Abin da ke damuna shi ne korar kalmar da mai shayi a Lahore ya sani, a ɗora masa wadda sai ɗan makarantar kuɗi zai gane. Edita ya bar "elan karna", wato sanarwa, ya ɗauko aikatau na Turanci ya liƙa masa "karna" a baya. Matsalar ta fi tsanani a kan takarda, saboda Nastaliq, salon rubutun da ake rubuta Urdu da shi, ba ya nuna gajerun wasula, kamar dai Larabci marar wasali. Kalmar da mai karatu ya sani yana cike mata wasalinta da kansa, amma baƙuwar kalma sai ya tsaya yana lalube, bai san furucinta ba, balle ma'anarta.

Duk da haka ban yarda a ɗora wa 'yan jarida laifin duka ba. Sashe na 251 na tsarin mulkin Pakistan na 1973 ya ce a mayar da Urdu harshen aikin hukuma cikin shekara 15. Wa'adin ya cika a 1988 ba a yi ba, har sai da Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Jawwad S. Khawaja, ta sake ba da umarni a watan Satumba na 2015. An kafa hukumar kula da harshen, Muqtadira Qaumi Zaban, tun 1979, ta kuma wallafa ƙamusoshin kalmomin ofis, amma kalmar da ma'aikata ba sa rubutawa a takardunsu ba ta isa ɗakin labarai. Tun da aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu a 2002, gasar riga wani fitar da labari ta cinye lokacin fassara. Wakilin da aka miƙa wa hukunci mai shafuka da yawa da Turanci, edita kuma yana jiransa cikin minti goma, zai kwafe kalmomin da haruffan Urdu ne kawai ya aika. Har yau da Turanci ake rubuta mafi yawan hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasar, kuma daga hannun alƙalan nan wakilin yake karɓar labarinsa.