Ba kowane ƙurji ba ne maruru

Iyaye mata, don Allah ku saurara. Daminar bara ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara biyu a Mabera, ya yi kwana huɗu ba barci saboda wasu ƙuraje uku a bayansa. Kowa ya ce maruru ne. Aka sayo magani a kemis, bai yi ba, har wata tsohuwa ta fara zancen jifa. Da aka kai shi asibiti, wata nas ta haska fitilar waya ta ce wa uwar, "Hajiya, matso ki gani." A tsakiyar kowane ƙurji akwai rami kamar hujin allura, wani farin abu yana leƙowa yana komawa. Tsutsa ce, ta ramin take numfashi.

Wani ƙuda ne da likitoci ke kira tumbu. Yana zuba ƙwai a rairayin da fitsari ya jiƙa, ko a kan wankin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa bai gama bushewa ba. Cikin kwana 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda fata ba a ji ba, ta zauna kwana 8 zuwa 12 tana girma.

Maruru yana tara mugunya, ya nuna, ya fashe. Shi wannan ruwa-ruwa mai ɗan jini yake tsattsafowa, kuma babba zai ce maka yana jin abu na motsi, yana tsirarsa. Yaro kuwa sai kuka. Yawanci inda riga ke rufewa yake fitowa: baya, cinya, ɗuwawu.

Nas ɗin ta toshe ramukan da Vaseline. Da iska ta yanke musu suka turo kai, ta zare su ɗaya bayan ɗaya. Ta gargaɗe mu kan matsa da ƙarfi, don idan tsutsar ta fashe a ciki, wurin kumbura yake yi ya ruɓe.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙanwata kuka ta yi ta yi wai za a ce ƙazama ce, har ta so a ɓoye zancen. Wallahi mace ce mai tsafta. Wanki kawai ta shanya a kan yashi ranar da igiya ta cika. Yanzu komai na yaron sai ta goge shi ciki da waje da dutsen guga na gawayi, har zanen goyo, saboda zafin guga na kashe ƙwan.