Ranar da Na Gaisa da Dangin Kyankyaso

Shekara 9 ke nan da aurenmu, kuma shekara 9 ke nan ina shan labarin Kalaba. A can Abban yara ya yi hidimar ƙasa. Shekara ɗaya tak ya yi, amma in ya kama ba da labari sai ki rantse a cikin kwalekwale aka yanke masa cibiya. In na yi miyar kuka, sai ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce, "Ta yi daɗi fa. Amma Kalaba, in aka zuba miki jatan lande a kan shinkafa, kowanne kamar babban yatsa." In na yi farfesun tarwaɗa, ya ce ba laifi, sai dai na ruwan gishiri daban ne. Ni kuwa 'yar Gwammaja ce gaba da baya. Babban ruwan da na taɓa gani da idona shi ne dam ɗin Tiga, shi ma malamai ne suka kai mu muna sakandare, aka hana mu matsawa kusa.

Mace ba ta son a dinga yabon wata tukunya a gabanta, ko da ba a faɗi sunan mai tukunyar ba. Saboda haka a hunturun da ya wuce na ɗaura aniyar kashe bakin maganar nan.

Ina da maƙwabciya 'yar Akwa Ibom, Madam muke ce mata, Hausarta ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Ita na ja muka hau adaidaita sai Sabon Gari. A layin masu kirifish ta tsaya tana yi min karatu. Ta ce wanda ake aunawa a mudu yawancinsa daga wajensu ake kawo shi, daga Oron, kuma ba wani abu ba ne illa ƙananan jatan lande da aka busar a hayaƙi. Na ce ni manya nake so, masu kamar babban yatsa. Ta kai ni wani shago mai manyan firiza, aka ɗauko leda tana tururin sanyi. Da aka faɗi kuɗin sai da na dafa bango. Amma na tuna abin nan ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga bakin teku kafin ya iso ni, ko mutum ne ai kuɗin motarsa ba kaɗan ba. Na biya, ban ko nemi ragi ba, don kada a gane baƙauya ce.

Ina isa gida na juye su a faranti, na ɗauki hoto, na ɗora a sitatus ɗin WhatsApp na rubuta "Yau sai Kalaba." Ku riƙe wannan, zai dawo.

Da ƙanƙarar ta narke ne na ƙare musu kallo, gabana ya ɗan faɗi. Gashin baki zaƙo-zaƙo ya fi tsawon jikin, idanu baƙi wuluk a waje kamar ƙwayar masoro, ƙafafu rututu a ƙarƙashin ciki, ga wata ƙaya mai haƙora kamar zarto a goshi. Madam ta riga ta koya min: a murɗe kai, a ɓare ɓawo, a tsaga baya a zaro wani baƙin zare da tsinken sakace, wai hanjinsa ne. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno na ce bismillah. Hannuna kuwa lokacin duk hunturu da wanki sun farfasa shi, gefen yatsu duk kaushi. Ƙayar nan ta soke ni ya fi sau biyar, ina cewa ba komai, ai ba a cin zuma sai an sha harbi.

Ban kai ga na goma sha biyu ba na ji wani abu yana yawo a tsakanin yatsuna. Na ce attaruhun da na jajjaga ne. Na ɗauraye na ci gaba. Kafin minti 10 ƙaiƙayin ya hau bayan hannu ya nufi wuyan hannu, irin ƙaiƙayin da in kin sosa yake gode miki ya ƙara. Na duba, sai ga fata ta yi ruɗu-ruɗu, taswira-taswira, kamar an zane ni da tsumagiya. Yatsu suka cika suka yi sumul, zoben da ke hannuna ya nutse a cikin nama. Hannu biyu duk suna ƙaiƙayi, wa zai sosa wa wani? Na goga a bakin turmi, na goga a bango, na goga a igiyar shanya. Cikin wannan hali gumi ya gangaro min, na kai bayan hannu na share ido. Kuskure na biyu ke nan. Nan da nan fatar idon hagu ta yi luhu-luhu kamar na kwana ina kuka.

A haka Hajiya, surukata, ta yi sallama.

Ta dube ni, ta dubi hannun, ta saki salati. "Ke 'yar nan, wa kika gaisa da shi a kasuwa?" Na ce ba kowa, Hajiya. Sai idonta ya faɗa kan roba. Ta ja da baya taku biyu, ta kama haɓa. "Wannan kuma kunamar ruwa ce ko me? Wannan za ki ba ɗana?" Na ce ai shi yake so, kuma halal ne, malamanmu na Malikiyya sun ce duk abin da ke rayuwa a teku ana ci. Ta ce ita ba ta ja da malamai ba, amma ba duk halal ake kai wa baki ba.

Daga nan gidan ya koma asibitin gargajiya. Hajiya ta ce borin jini ne, a kawo manja. Aka shafe ni da manja har gwiwar hannu, aka ba ni cokali guda na sha. Aka bi da toka. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce man kaɗanya, wata ta ce habbatus sauda. Kowacce ta shafa nata a kan na 'yar uwarta, har hannuna ya koma kamar ƙosan da ya faɗi a murhu. Ana cikin haka Gwaggona ta kira daga Ƙofar Na'isa, don labari ya riga ya tsallaka titi. Ita ba ta yarda da zancen borin jini ba sam. "Ba na hana ki ɗora abinci a waya ba? Kambun baka ne! Duba min su wa suka kalla." Da gwiwar yatsa na buɗe wayar. Mutum 43. Gwaggo ta sa na karanto mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana cewa "uhm" a kan wasu, tana cewa "na dai faɗa" a kan wasu. Har da matar yayana, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Abban yara ya dawo ya tarar da ni hannu a sama kamar wadda 'yan fashi suka tare. Ya garzaya kemis ya dawo da Piriton. Maganin ya yi aiki, ƙaiƙayin ya lafa, amma ba wanda ya gaya min ɗan ƙaramin ƙwayar nan yana tafe da barci kamar na mutanen kogo. Sama-sama na ji Madam ta shigo ta ƙarasa girkin, ƙamshi ya cika gida. Ban farka ba sai asuba.

Da safe hannu ya sace, kamar ba a yi ba. Na shiga kicin na ga sauran shinkafar a tukunya, jatan landen sun yi jajir gwanin sha'awa. Sai na yi wani lissafi da har yau in na tuna nake jin kunyar takardar makarantata. Na ce ɗanye ne ya cuce ni, wannan kuwa ya sha wuta, kuma ai hannu ne ya ƙi, baki bai ce komai ba. Ga kuɗina. Na ɗauki guda ɗaya na tauna.

Gaskiya akwai daɗi. Daɗin ya yi kamar minti 5. Daga nan leɓena na sama ya fara zugi, ya fara gaba ya bar na ƙasa a baya, har ina hango shi ba tare da madubi ba. Maƙogwaro ya soma ƙaiƙayi. Autana ya shigo, ya kalle ni, ya fita da gudu yana kiran babansa wai Umma ta zama agwagwa.

A asibiti sai da suka duba numfashina, suka ba ni magani, suka ajiye ni na wasu awanni suna lura. Da komai ya lafa likitar ta jawo kujera. Ta saurari labarin tun daga Sabon Gari, tana ƙoƙarin danne dariya, amma da na zo kan lissafina na safe sai ta ɗaure fuska. Ta ce, "Hajiya, jiya jikinki ya aiko miki da takardar gargaɗi, yau kika je kika tsokane shi har gida." Ta ce akwai wani sinadari a naman jatan lande da ƙaguwa da danginsu, sunansa tirofomayosin, garkuwar jikin wasu mutane tana ɗaukarsa abokin gaba, sai ta saki histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. Fasasshiyar fata ta hunturu ƙofa ce a buɗe gare shi. Wuta kuwa ba ta kashe shi, a dafa, a soya, a busar, yana nan daram. Kuma ba sai tun yarinta ba, yana iya tasowa mutum da girmansa.

Sai ta tambaye ni ko na taɓa jin wani abu in na ci miya mai kirifish. Nan na yi tsit. Shekara nawa ina cin miyar ganyen Madam, leɓena yana min zugi, ina cewa matar nan ba ta da tausayi wajen barkono? Har gulmarta na taɓa yi a kan haka, Allah ya yafe min.

Ta ce akwai gwajin da ake ɗiga ruwan abin a damtse, a ɗan tsikara fata, a jira minti 15 a ga ko zai tashi, amma ba a yi wa wanda ya sha irin su Piriton sai an kwana biyu, kuma ni leɓena ya riga ya ba da shaida. Abin da ta fi nanatawa shi ne, duk ranar da na ji harshe ko maƙogwaro yana kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, ko jiri, kada a tsaya neman manja, kada a tsaya kemis. Asibiti kai tsaye, don allurar adirenalin ce maganin wannan, kuma mintuna ake ƙirgawa. Kifi kam ta ce sinadarinsa daban ne, tunda ina cin tarwaɗata lafiya in ci gaba. Sai dai in dinga karanta jikin dunƙulen miya, akwai masu kirifish a ciki.

Har na fara murna, sai ta ƙara da cewa irin wannan sinadarin yana jikin kyankyaso da ƙananan ƙwarin ƙura da ke cikin katifa, don a wajen masana duk dangi ne. Na ce, likita, wato kuɗi na ɗauka na sayo ɗan uwan kyankyaso? Ta ce kusan haka. Sannan ta tambaya, "Kina cin fara?"

Ina cin fara? Ni da in mai fara ta sauke tire a ƙofar gida yara ke rugowa su gaya min kafin su gaya wa kowa? Soyayya, ta sha yaji, tana ƙaras-ƙaras? Ta ce to in dakata, ita ma 'yar gidan ce, masu irin matsalata da dama tana tayar musu. Wallahi kumburin leɓe bai sa ni hawaye ba, wannan ya sa.

A hanyar gida na yi shiru, shi ma ya yi shiru. Can wani abu ya faɗo min. Da safen nan da na shiga kicin, na ga farantinsa na daren jiya. Shinkafa ta ƙare tas, amma jatan landen suna jere a gefe, guda 7, kamar 'yan makaranta a layi. Na juya na dube shi da idona ɗaya da rabi.

"Abban yara, jiya ba ka ci ba."

Ya gyara madubin mota da ba abin da ya same shi. Ya yi tari. Ya ce wato, shi fa a Kalaba ganinsu ya fi yi. A farantin mutane. Na ce to kai me kake ci shekara guda? Ya ce akwai wata unguwa ta Hausawa, Bogobiri, a nan wata Hajiya take sayar da tuwon shinkafa, da daddare kuma ga masu tsire. Na ce da wace miya? Sai da muka wuce shataletale guda kafin ya amsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Kuka."

Sauran rabin ledar da ke firiza Madam na aika wa, ta aiko da godiya har sau biyu. Gwaggo kuwa har yau ba ta gaisawa da matar yayana da hannu.