Kunne ba ya komawa baya

Duk wanda zai tsaya gaban jama'a ya yi jawabi, ya kamata ya tuna cewa mai sauraro ba mai karatu ba ne. Mai karatu idan jimla ta shige masa duhu, sai ya koma ya sake bin ta a hankali. Mai sauraro ba shi da wannan gatan. Yana can yana ƙoƙarin warware jimlar farko, kai kuma ka riga ka zuba uku a kanta. Daga nan sai ka ga ya zaro waya daga aljihu, shi ke nan kun rabu.

A ganina, yawan kaya ne ke kashe mafi yawan jawabai. Mutum ya yi bincike, ya tara bayanai rututu, yana ganin asara ce ya bar ko ɗaya a gida. Sai ya juye wa mutane duka a cikin rabin awa, kamar mai ɗura ruwa a kwalba da bokiti. Ga allo cike da rubutu ƙanana, ya juya wa jama'a baya yana karantowa layi bayan layi, na kujerar ƙarshe ko harafi ɗaya ba sa gani.

A ranar 19 ga Nuwamba 1863, a Gettysburg ta ƙasar Amurka, mutum biyu suka yi jawabi a wajen buɗe maƙabartar sojoji. Edward Everett, wanda shi ne babban mai jawabin ranar, ya shafe kusan awa 2 yana magana. Shugaba Abraham Lincoln ya tashi ya yi nasa a cikin kamar minti 2, kalmomi wajen 270. Washegari Everett da kansa ya rubuta wa Lincoln cewa da zai yi murna a ce a awa biyunsa ya kusanci zuciyar batun kamar yadda Lincoln ya yi a minti biyu. Everett fa ba jahili ba ne, ya taɓa shugabantar jami'ar Harvard. Lincoln dai ya san abu ɗayan da ya zo faɗa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana A'isha ta siffanta maganar Annabi (SAW) da cewa da mai ƙirga zai ƙirga kalmominta, da ya ƙirge su. Anas kuma ya ce yakan maimaita kalma sau uku domin a fahimta. Mu kuwa sai mu riƙa gudu kamar ana korar mu.

Na san wasu za su ce sauƙaƙa magana raina hankalin masu sauraro ne, musamman idan masana ne a zauren. Ban yarda ba. Masanin ma kunne biyu gare shi, kuma wataƙila kai ne na biyar da ya saurara tun safe. Ai ko tarukan TED, inda manyan masana ke magana, minti 18 suka ƙayyade wa kowa. Sau da yawa ma manyan kalmomi mafaka ce ga wanda bai gama gane abin da yake faɗa ba, don idan ka ce ya maimaita da maganar yau da kullum, sai ya fara kame-kame.

Lissafi ma haka. Idan adadin ya kama kashi 48.7 cikin 100, ka ce kusan rabi, wanda ke son ɗigon ya same ka bayan an tashi. Sannan kafin ranar, ka nemi wani da ba fanninsa ba ne, ka yi masa jawabin a tsaye, ka tambaye shi me ya riƙe. Duk sashen da bai iya maimaita maka ba, ko dai ka sake gina shi, ko ka cire shi gaba ɗaya.